Ziyarar biranen Maroko huɗu cikin kwana goma: yadda ake tsara tafiyar

Maroko na cikin ƙasashen waje da ƴan Nijar suka fi zuwa: ɗalibai, ƴan kasuwa, masu neman magani, da almajiran Tijjaniyya masu ziyarar Fas. Da yawa daga cikinsu, da sun riga sun biya kuɗin jirgi, sai su so su ga birane uku ko huɗu kafin su komo gida. Nan ne ake yin asara. Wanda bai jera biranen daidai ba yakan ƙare kwanakinsa cikin jirgin ƙasa, kuɗinsa kuma su tafi ga otel ɗin da bai kwana ba.

Jirgin Royal Air Maroc daga Yamai yana sauka filin Muhammad na Biyar na Kasablanka bayan tafiyar kusan awa huɗu, daga can kuma ake tasowa. Tafiyar ke nan zagaye ce, inda aka fara nan za a ƙare. Mutumin Maraɗi ko Damagaram ya ƙara kwana biyu a lissafinsa, zuwa da dawowa, don hanyar Yamai a bas yini guda take ci. Dokokin shiga ƙasar suna canzawa, saboda haka a tambayi ofishin jakadancin Maroko da ke Yamai kafin a yanki tike, a kuma duba ranar ƙarewar fasfo.

Layin dogo ne ke yanke hukunci

Kamfanin jiragen ƙasa na ONCF ya haɗa manyan biranen, kuma akwai tasha a ƙarƙashin filin jirgin saman kansa. Fas na arewa maso gabas, Marrakesh na kudu, jirgin da ke haɗa su kuwa sai ya ratsa Rabat da Kasablanka, tafiyar wajen awa bakwai. Hikimar ita ce a raba wannan doguwar hanya gida biyu. Matafiyi ya kwana ɗaya a Kasablanka ya huta, ya wuce Fas, kimanin awa huɗu, ya yi kwana uku. Ya dawo Rabat cikin awa uku, ya kwana biyu. Ya gangara Marrakesh, wajen awa huɗu, ya yi kwana uku, sannan ya komo Kasablanka ya kwana kusa da filin jirgi. Kwana goma ke nan, kuma babu ranar da tafiya ta cinye gaba ɗaya. Kada a taso daga Marrakesh a ranar da jirgin Yamai zai tashi. Latti kaɗan na jirgin ƙasa zai iya jawo sayen sabon tike.

Fas ta cancanci kwanakinta

Tsohon garin Fas, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1981, mota ba ta shiga yawancin lungunansa; da ƙafa ake yawo, kaya kuma sai jaki ko amalanke. Wanda ya kama ɗaki a ciki ya tabbata masaukin na kusa da wata ƙofa, kamar Bab Bujulud, in ba haka ba zai sha jan akwati. Nan zawiyar Shehu Ahmad Tijjani take, inda aka binne shi bayan rasuwarsa a 1815, kuma mai ziyara zai iske ƴan Senegal, Mali, Najeriya da Nijar a ƙofarta kusan kowane lokaci. Ba nisa da ita akwai masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihriyya ta gina a 859, ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin karatu na duniya. Majemar Shuwara ma abin gani ce, duk da wari. Bamaraɗe zai ji kamar yana gida, don wani kaso na fatar da Turawa suka daɗe suna kira da sunan Maroko, ta jar akuyar ƙasar Hausa ce da ayari ke haurawa da ita ta Sahara.

Ranar Juma'a shaguna da yawa na tsohon gari suna rufe. Mai son wazifa da zikirin Juma'a a zawiya ya sa ranar cikin kwanakinsa na Fas, mai sayayya kuwa ya gama tun Alhamis. Masu tare baƙo a bakin ƙofa suna cewa za su nuna hanya suna da yawa. Jagoran da hukuma ta sani yana da katin shaida, kuma ana gama ciniki da shi kafin a ɗaga ƙafa.

Rabat, babban birnin ƙasar, ya fi natsuwa. Hasumiyar Hassan da Sarki Yakubu al-Mansur ya fara, aikin ya tsaya da mutuwarsa a 1199, tana fuskantar hubbaren Sarki Muhammad na Biyar, yini guda ya isa a ga duka biyun har da ganuwar Udaya ta bakin teku. A Kasablanka, babban abin gani shi ne masallacin Hassan na Biyu da aka buɗe a 1993, mai hasumiya mita 210. Rabin yini ya ishe shi.

Marrakesh, da Murabiɗai suka kafa wajejen 1070, ta fi kowanne hayaniya da cin kuɗin baƙo. Dandalin Jami'ul Fana da dare yake cika, hasumiyar Kutubiyya na tsaye kusa da shi. A wannan gari aka tsare malamin Tumbuktu Ahmad Baba bayan sojojin Maroko sun ci daular Songhai a 1591. A dandalin, wanda ya ɗauki hoton mai wasa da maciji ko biri sai ya biya.

Abin da ya kamata a bari

Kamfanonin yawon buɗe ido suna tallar rairayin Marzuga, tafiyar kwana biyu ko uku a mota don a hau raƙumi a kwana cikin tanti. Ɗan ƙasar da ke da Tenere bai da dalilin biyan wannan kuɗi. Shafshawan, garin nan mai shuɗin fenti, jirgin ƙasa bai zuwa, sai bas. Wanda ke da ƙarin kwana biyu gara ya je Tanja da Al Boraq, jirgi mai gudun kilomita 320 a awa da aka ƙaddamar a 2018, wanda ke haɗa Kasablanka da Tanja cikin awa biyu da ƴan mintoci.

Kuɗi, yanayi da agogo

Da wuya a sami mai canjin sefa a can, don haka a riƙe euro tun daga Yamai. Dirhami ɗaya na kai wajen dala goma sha biyu, wato dirhami ɗari kusan jika shida ne, kuma a canza abin da ya rage kafin fitowa. Ƙananan taksi, ja a Kasablanka da Fas, shuɗi a Rabat, mutum uku kawai suke ɗauka kuma ba su fita gari. A nemi direba ya kunna kwantar. Maris zuwa Mayu da Satumba zuwa Nuwamba sun fi daɗin tafiya. Zafin Yuli da Agusta a Fas da Marrakesh kan wuce digiri 40, sanyin Disamba da Janairu kuma da ruwan sama yake zuwa, ya fi hunturun gida nesa ba kusa ba. Agogon Maroko ba kullum yake ɗaya da na Nijar ba, saboda haka mai tafiya ya sake duba sa'ar da ke kan tikensa.