Fitilar cek injin da ba ta jin magani: tarihin tururin fetur daga Los Anjalos zuwa garejin unguwarku

1/ Masu tsofaffin jif na tokumbo, irin su Highlander, RX300 da 4Runner, wannan zaren naku ne. An goge muku cek injin, bayan kwana uku ta dawo, sikana ta nuna P0440 ko P0446, alhali mota lafiya lau take tafiya. Labarin wannan fitila ya faro tun 1943. Ku biyo ni. 🧵

2/ A watan Yuli 1943 wani hazo mai yaji ya lulluɓe Los Anjalos. Idanu na ruwa, maƙogwaro na zafi. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, har wasu suka ɗauka Japan ce ta kawo hari da iska mai guba. Aka rufe wata masana'anta da ake zargi, hazo bai fasa ba.

3/ Wanda ya warware ƙullin shi ne Arie Haagen-Smit, masanin sinadarai ɗan asalin Holan da ke jami'ar Caltech. A farkon shekarun 1950 ya nuna cewa in tururin man da bai ƙone ba ya haɗu da iskar salansa, rana ta dafa su, hazon ke nan. Kamfanonin mai da na mota suka yi ta musu, ƙarshe dai bincike ya ba shi gaskiya.

4/ Abin lura: ba salansa kaɗai ke da laifi ba. Motar wancan zamani ko a fake take, tankinta da kafiretonta na ta numfasa tururin fetur cikin iska, musamman da rana.

5/ Jihar Kalifoniya ta kafa hukumar kula da iska, CARB, a 1967, Haagen-Smit ya zama shugabanta na farko. Daga motocin 1970 jihar ta wajabta kama wannan tururi, sauran Amurka suka bi a 1971.

6/ Dabarar mai sauƙi ce: gwangwani cike da gawayi, wanda makanikai ke kira kanista. An toshe tanki ruf, tururi na bi ta tiyo ya maƙale a gawayin. In an tada mota, wani bawul ya buɗe, injin ya zuƙe tururin ya ƙone shi. Wani bawul na biyu kuma yana shigo da iska daga waje. Tsarin da ake kira EVAP ke nan.

7/ Shekara ashirin da biyar ana haka, kuma in tiyon ya fashe ba mai sani. Sai 1996, lokacin da dokar OBD-II ta hau kan motocin da ake sayarwa a Amurka. Daga nan aka fara tilasta wa kwamfutar mota ta riƙa gwada kanta, ta kai ƙara ta hanyar kunna fitila.

8/ Ku ji ƙanƙantar abin da take nema. Da farko huda mai faɗin inci 0.040, kusan milimita 1. Daga wajen 2000 aka matse zuwa inci 0.020, rabin milimita. Wato robar murfin tanki ta ɗan tsage kaɗai ta isa.

9/ An kuma ƙara wani tsari mai kama tururi a daidai lokacin shan mai. Ƙananan motoci suka fara a 1998, jif da a-kori-kura daga 2001. Sai kanista ta ƙara girma, bawul da tiyo suka ƙaru, wuraren lalacewa ma suka ƙaru.

10/ To yanzu ga dalilin da ya sa take dawowa. Mota ba ta yin wannan gwaji kullum. A yawancinsu sai injin ya kwana ya huce, mai kuma yana tsakanin kusan kashi 15 zuwa 85 na tanki. Ƙaramar huda ma sai ta faɗi gwajin sau biyu kafin fitila ta kama. Gogewa da sikana ko cire kan batir share ƙarar ne kawai, hudar na nan. Ranar da sharuɗɗa suka cika, ta sake kai ƙara.

11/ Waɗannan motoci sun shekara goma, sha biyar a can kafin su sauka Kwatano ko Legas, robobinsu sun riga sun tsufa. Nan kuma suka tarar da zafin bazara mai busar da tiyo, da ƙurar hunturu mai toshe hanyar iskar kanista.

12/ Ga kuma ɗabi'armu. Famfo ya tsaya, sai a ce wa yaron gidan mai ya ƙara, a girgiza mota, a cika har wuya, musamman lokacin wahalar mai. An yi gawayin nan don tururi, ba don ruwan fetur ba. In ya jiƙe ya lalace, wani lokaci ɓarɓashinsa ya bi tiyo ya cushe bawul. A sa sabon bawul, ɓarɓashi ya sake kashe shi.

13/ Lambobin a taƙaice:
P0455: babbar huda, fara duba murfi
P0442: ƙaramar huda
P0456: 'yar mitsitsiya
P0441: zuƙar tururi ba daidai ba
P0446: ɓangaren shigar iska
P0440: matsala a tsarin gaba ɗaya
Lamba na nuna unguwa ne, ba ta nuna gida.

14/ Alamomi biyu da ke taimakawa. In mota na wahalar tashi da zarar ka sha mai, zargi bawul ɗin zuƙa ya maƙale a buɗe. In famfon gidan mai na ta katsewa alhali tanki bai cika ba, zargi kanista ko hanyar iskarta.

15/ Bi da bi, daga mai araha: murfi na asali da wuyan tanki, ko akwai tsatsa. Sai tiyo, ɗaya bayan ɗaya. Sai a gwada bawul biyun da wuta, a ga suna buɗewa suna rufewa. Sai gwajin hayaƙi, inda ake hura hayaƙi cikin tsarin a ga inda yake fita. Kanista ce ta ƙarshe, don ita ce mai tsada. Bayan gyara a bar mai rabin tanki, a yi kwanaki ana hawa, sannan a duba ko gwajin ya kammala.

16/ Wani zai ce tunda mota na tafiya, a manna salatif a kan fitilar mana, ko rewaya ya cire ƙwan. Matsalar ita ce fitilar guda ɗaya ce tak. Ita ce kuma za ta yi ta ƙiftawa ranar da filogi ya daina kamawa, ɗanyen mai na ƙona katalis. In ta saba zama a kunne, ranar ba za ka lura ba.

17/ In kuma kana jin warin fetur a kusa da tayar baya, kar ka jira fitila, kai ta gareji yau. Wanda ya san makaniken da ke da injin hayaƙi a garinsu ya sanar da mu a ƙasa, wasu su amfana. Allah Ya tsare hanya.