Daga Python Zuwa C da Rust: Tarihin Littattafan Koyo

A shekarar 1991, wadda a cikinta aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, wani mutumin Holan, Guido van Rossum, ya fito da harshen kwamfuta mai suna Python. Saurayin da ya fara koyon rubuta manhaja a yau, ko a Birnin Kudu yake ko a Gwaram, galibi da wannan harshe yake soma wa, domin yana ɗauke masa nauyin kula da ƙwaƙwalwar na'ura. Shi ke ware wa bayani wuri, shi ke share wurin idan an gama. Amma ainihin Python ɗin da harshen C aka gina shi, inda wannan nauyi duka yake a wuyan mai rubutu.

Dennis Ritchie ne ya tsara C a Bell Labs ta Amurka wajen 1972, aka kuma sake rubuta Unix da shi a 1973. A 1978 shi da Brian Kernighan suka wallafa The C Programming Language, ɗan littafi da bai kai shafi 300 ba. Da yake ba a tsayar wa harshen ƙa'ida a hukumance ba sai 1989, littafin ne ya zama alƙali tsakanin masana har shekara goma. Babinsa na biyar, kan yadda ake nuna mazaunin bayani a cikin ƙwaƙwalwa, nan ne wanda ya saba da Python yakan yi tuntuɓe, nan ne kuma ya kamata ya daɗe. Sai dai bugunsa na ƙarshe na 1988 ne. Gyare-gyaren 1999 sai a littafin K. N. King, bugun 2008.

'Yancin da C ke bayarwa yana da tsada. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar tsaro a manhajojinsa daga kuskuren sarrafa ƙwaƙwalwa suke. Irin wannan ciwo aka yi harshen Rust don magancewa, wanda ya tsaya da ƙafarsa a 2015. Littafinsa, na Steve Klabnik da Carol Nichols, an buga shi a 2018, kuma kyauta ake karanta shi a intanet, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne ga ɗalibin da kuɗin makaranta ma da ƙyar. Babinsa na huɗu yana bayanin dokar mallaka, wato kowane bayani yana da mai shi guda ɗaya. Wanda bai sha wuya a babi na biyar na Kernighan da Ritchie ba, yakan ɗauki wannan doka takura ce kawai.