BABI NA UKU: BINDIGAR MAHARBI A ƘASAR ZAZZAU, DAGA ADAKA ZUWA MAI SAKATA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan matsayin farauta cikin sana'o'in Hausawa na gargajiya, da sarautun da suka jiɓince ta, irin su Sarkin Baka da Sarkin Dawa. A wannan babi kuwa za a dubi makamin da maharbi ya fi dogara da shi a yau, wato bindiga, musamman a yankin Kufena da kewayen birnin Zariya. Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, yawancin gyare-gyaren da maharbi ya daɗe yana nema ga bindigarsa an riga an samar da su a jikin bindiga mai sakata tun kafin shekarar 1900, amma doka da tsada suka shiga tsakaninsa da ita, har aikin gyaran ya koma hannun maƙeri.

3.1 Kufena da Shigowar Bindiga

Dutsen Kufena yana yamma da birnin Zariya, kusa da Wusasa. Masana tarihi sun nuna cewa gindin wannan dutse yana cikin tsofaffin mazaunan Zazzagawa, kuma har yanzu ana ganin kufan ganuwar da ta kewaye shi. Tarihin baka ya danganta tasowa daga Turunku zuwa wannan yanki da zamanin Bakwa Turunku, wajen shekarar 1536. Haka kuma, binciken da J. E. G. Sutton ya gudanar cikin shekarun 1970 a yammacin Samaru ya tono wuraren narkar da tama waɗanda suka girmi wannan lokaci da ɗaruruwan shekaru. Ke nan maƙeri da maharbi tsofaffin maƙwabta ne a wannan ƙasa. Maƙeri ke ƙera kan kibiya da mashi da tarko, maharbi kuma ya haɗa dafinsa da kwankwani.

Bindiga baƙuwa ce, kuma ba ta hannun maharbi ta shigo ba. Ta hannun sarakuna ta shigo. A Borno, Mai Idris Aloma ya yi amfani da 'yan bindiga Turkawa a ƙarni na 16. Littafin Tarihin Kano ya ambaci shigo da bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743), ya kuma ce Babba Zaki (1768-1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. A Zazzau kuwa, Smith (1960) ya kawo yadda Sarki Yero (1890-1897) ya ƙarfafa rundunar 'yan bindiga daga cikin bayinsa. Wannan ya nuna cewa har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 bindiga kayan fada ce da yaƙi, talaka maharbi kuwa yana nan da kwari da baka.

Irin bindigar da ta fi yawa a lokacin ita ce mai ƙanƙara, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Turawa sun laƙaba mata sunan mutanen Denmak, domin fataken wannan ƙasa sun yi fice wajen sayar da ita a gaɓar teku ta Afirka ta Yamma, ko da yake da yawa daga cikinta a Bamingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam aka ƙera su. Jikokinta su ne waɗanda ake kira adaka ko baushe ko bindigar toka a yau.

3.2 Aibobin Adaka a Idon Maharbi

Sunan da Bahaushe ya ba wannan bindiga, wato harbi-ruga, ya isa shaida a kan babban aibinta. Harbi ɗaya take yi. Kafin a sake wani sai maharbi ya tsayar da ita, ya zuba albarushi, ya cusa tsumma, ya zuba guntayen ƙarfe ko dalma, ya danna da sanda. Idan barewa ce ko gada, asarar nama kawai aka yi. Idan kuwa ɓauna ce aka yi wa rauni, ko mugun dawa, ko damisa, to rai ne a bakin tsini, shi ya sa maharbi ba ya rabuwa da adda da wuƙa.

Aibi na biyu na damina ne. Albarushi ba ya shiri da laima, kuma a bindiga mai ƙanƙara yana zaune ne a wani ɗan kasko a fili, inda raɓa kaɗai ta isa ta kashe shi. Sai a ɗana, a ja kunama, a ji ƙyas, babu wuta, nama kuwa ya ji ƙarar ya yi gaba. Ga kuma farin hayaƙi da ke turnuƙe fuska bayan harbi, har mutum ya kasa ganin inda dabbar ta nufa. Cikin bututunta sumul yake, ba shi da zanen da zai juya harsashi, don haka ba ta da tabbas idan nisa ya wuce 'yan takuna kaɗan. Wannan ne ya sa sanɗa da ɓad-da-kama suka zama rabin sana'ar. Maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi yana tafiya a duƙe, ba don ado yake yi ba, makaminsa ne ya tilasta masa kusantar nama.

Mafi muni duka shi ne fashewar bututu. Tun da da ido ake auna albarushi, kuma ƙarfen ba mai tabbas ba ne, ɗuri ya kan yi yawa bindiga ta tarwatse a hannun mai ita. A al'adance akan danganta irin wannan da sammu, ko da iskokin dawa, ko karya wata doka ta farauta, kuma akan nemi tsari da layu da guraye da ake ɗaure wa ƙotar bindiga. Bai kamata mai nazari ya raina wannan ba, domin yawan layun da ke jikin adaka ma'auni ne na yawan tsoron da mai ita ke yi mata.

3.3 Bindiga Mai Sakata

A daidai lokacin da ake fama da waɗannan matsaloli a nan, a Turai an yi nisa wajen magance su. A 1807 wani limamin coci ɗan Sikotlan mai suna Alexander Forsyth ya yi rajistar dabarar tayar da wuta ta hanyar duka maimakon ƙanƙara, daga nan aka samu 'yar hular da ake sa wa bindiga. A 1841 sojojin Furushiya suka karɓi bindigar Dreyse, wadda ake ɗura wa harsashi ta baya a kulle da wani ƙarfe mai kama da sakatar ƙofa. Wannan kama ce ta sa aka kira ta mai sakata a wannan nazari. A 1884 Bafaranshe Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi. Ingila ta fito da Lee-Metford a 1888, sannan Lee-Enfield a 1895, mai cin harsashi 10 na awon .303, Jamus kuma ta fito da Mauser ta 1898, wadda har gobe ita ce uwar yawancin bindigogin farauta masu sakata.

Idan aka jera wannan da koke-koken maharbi za a ga kamar amsa aka rubuto masa. Harsashi a rufe yake cikin kwanso, ruwa ba ya taɓa shi. Awon albarushi daga masana'anta yake, ba daga tafin hannu ba. Cikin bututu akwai zane mai murɗiya, wanda ke kai harsashi ɗaruruwan mitoci a saiti. Ɗaga sakata, ja baya, tura gaba, kwantar, an sake ɗuri. Ƙwararren sojan Ingila kan yi harbi 15 a saiti cikin minti ɗaya.

To me ya hana ta isa hannun maharbin Kufena? Dalili na farko shi ne yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka sa wa hannu a Burasal a 1890. Da sunan hana cinikin bayi, yarjejeniyar ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a faɗin yankin da ƙasar Hausa ke ciki, ta bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Wato an tsayar da agogon bindigar baƙar fata a wuri ɗaya, na Bature yana tafiya. An ga sakamakon haka bayan shekara goma sha biyu. A 1902 sojojin Lugga suka zauna a Zariya bayan Sarki Kwasau ya nemi taimako a kan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, a 1903 kuma Kano da Sakkwato suka faɗi a gaban bindigogi masu harsashi da mashinga.

Abin lura shi ne, Zariya tana cikin garuruwan da suka fi sanin bindiga mai sakata. A nan aka kafa makarantar horar da kuratan soja a 1924, kuma 'ya'yan Arewa da dama sun riƙe Lee-Enfield a yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945. Sun dawo gida sun san daɗinta, amma a bariki suka bar ta. A ƙasashe irin su Kanada da Ostireliya, bayan yaƙin an sayar wa farar hula rarar waɗannan bindigogi da araha, mafarauta suka rage katakon, suka ɗora madubin hange, suka mayar da su na farauta. A Nijeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta sa awon .303 cikin haramtattun makamai na soja. Dokar ta yarda da bindigar farauta mai wani awon daban bisa lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, sai dai kuɗinta da na harsashinta da wahalar takarda sun mayar da ita ta Turawa da manyan ma'aikata da attajirai. Talaka aka bar masa rukuni na uku, na masu ɗuri ta baki.

3.4 Gyaran Maƙeri

Maharbi bai zauna jiran doka ba, sai ya nufi maƙera. Isowar jirgin ƙasa Zariya a 1911 da yawaitar motoci daga baya sun kawo ƙarfen Turai mai yawa, wanda ya kashe sana'ar narkar da tama amma ya buɗe wa maƙeri wata ƙofa. Bututun ruwa da sandar sitiyarin mota suka zama hancin bindiga. Aka bar ƙanƙara aka koma ga hula, wanda ya rage matsalar laima. Aka rage tsawon bindigar, wadda a da takan kusa tsayin mutum, domin ta shige sarƙaƙiya. Fitilar goshi ta zo ta ba da damar farautar dare, duk da cewa hukuma ba ta so. Daga baya wasu maƙera suka kai ga ƙera mai karyawa, mai baki ɗaya ko biyu, wadda ke cin harsashin kwanso na kanti.

Sai dai akwai iyakar da zuga-zugi da uwar maƙera ba su iya ƙetarewa. Yanka zane a cikin bututu, da samar da ƙarfen da zai jure ƙarfin albarushi marar hayaƙi, da dace sakata da mazauninta ba tare da gilmin gashi ba, duk aikin injin masana'anta ne. Masana'antar ƙera makamai da aka kafa a Kaduna a 1964 tana da irin wannan inji, amma don sojoji aka yi ta.

A nan ya dace a yi wata tambaya. Da an ba maharbin wannan yanki bindiga mai sakata, da ya karɓe ta yadda take? Yanayin sana'arsa ya nuna akwai gyaran da zai nema. Lee-Enfield tana da nauyin kusan kilo 4, kuma wanda zai yini a ƙafa tsakanin duwatsu da fadamun Kubanni da Galma zai so wadda ta fi sauƙi da gajarta. Zai so sakatar da ba ta ƙara, domin ƙarar ƙarfe a dawa kamar shela ce. Zai so wadda ƙurar hunturu ba ta cije ta. Daɗin daɗawa, harsashinta guda ne mai ƙarfi, ya dace da gwanki ko ɓauna, alhali abin da ya rage a kewayen Zariya, bayan gonaki da gine-gine sun cinye dawa, bai wuce zomo da gafiya da zabo da makwarwa ba. Ga irin waɗannan, adaka mai watsa guntayen ƙarfe ta fi dacewa, ta kuma fi araha. Manyan namun dawa sun koma gandun daji irin na Kamuku a Birnin Gwari, wanda ya zama na ƙasa a 1999, inda farauta haramun ce. Uwa-uba, maharbi yana auna bindiga da tambaya biyu: idan ta lalace maƙerin unguwa zai iya gyara ta? Idan abincinta ya ƙare za a same shi a kasuwar ƙauye? Mai sakata ta faɗi duka biyun, adaka kuwa ta ci.

3.5 Daga Nama Zuwa Tsaro

Wannan tazara ta daina zama maganar nama kawai. A Nuwamban 2014 mafarauta da 'yan banga sun taimaka wajen ƙwato garin Mubi na Jihar Adamawa daga hannun Boko Haram, kuma tun daga lokacin hukumomi suka ƙara dogara da maharba a matsayin masana hanyoyin daji. A Jihar Kaduna, hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Birnin Gwari da Giwa, maƙwabtan Zariya ta yamma, sun tura maharba da dama aikin gadin ƙauyukansu. Abokin karawarsu yana riƙe da AK-47 mai cin harsashi 30, wadda ta wuce mai sakata kamar yadda mai sakata ta wuce adaka.

Hujjar hukuma ba ta banza ba ce. Bindigar da aka ba mai gadi yau tana iya komawa hannun ɓarawo gobe, kuma an sha kokawa da 'yan sa-kai da suka wuce gona da iri. Maƙerin da ya rufa wa maharbi asiri shekara da shekaru shi ma yanzu yana cikin zargi, domin ƙera bindiga ba da izini ba laifi ne a dokar 1959, kuma bindigogin gida suna cikin abin da 'yan sanda ke bajewa a gaban 'yan jarida idan sun yi kamu. A 2021 gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma bindigogin maƙera suna cikin abin da take bibiya.