Zazzaɓin Amosani: Tarihin Gano Yadda Garkuwar Jiki ke Far wa Zuciya

Zazzaɓin amosani cuta ce da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro, ta fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Bakteriyar Streptococcus ta rukunin A ce ke kawo ciwon maƙogwaron. Bayan mako 2 zuwa 3, lokacin da iyaye suka ɗauka an warke, sai zazzaɓi ya dawo, gaɓɓai su kumbura, ciwo ya tashi daga gwiwa ya koma idon sawu. Gaɓɓan sukan warke sarai. Ƙyamaren da ke tsare hanyar jini a cikin zuciya kuwa, tabo suke yi, kuma kowace dawowar cutar ƙara musu lahani take.

Likitoci sun daɗe da ganin ɓarnar kafin su san mai yin ta. A 1836 Jean-Baptiste Bouillaud na Faransa ya tabbatar da alaƙar ciwon gaɓɓan da ciwon zuciya, a 1904 kuma Ludwig Aschoff na Jamus ya ga 'yan ƙulle-ƙulle a naman zuciyar waɗanda cutar ta kashe. Abin da ya ɗaure kai shi ne ba a samun bakteriyar a cikin zuciyar. Ga shi kuma a wancan zamani ra'ayin Paul Ehrlich ya yi ƙarfi, cewa jiki yana da hanyar hana garkuwarsa cutar da shi.

Magani ya riga bayani zuwa. A 1950 aka wallafa gwajin allurar fenisilin da aka yi a kan sojojin sama na Amurka a jihar Wayomin, aka ga cewa kashe bakteriyar tun tana maƙogwaro yana hana zazzaɓin. Sai a 1962 Melvin Kaplan ya nuna cewa sinadaran kariya da jinin zomo ya ƙera don yaƙar bakteriyar suna manne wa naman zuciyar ɗan Adam. Nan asirin ya tonu: wani furotin da ke bayan bakteriyar, mai suna M, ya yi kama da furotin ɗin tsokar zuciya, har sojojin jiki su kasa bambance ɗan gida da baƙo. Raymond Damian ne ya raɗa wa wannan kamanceceniya suna a 1964. Daga baya an same ta a wata shanyewar jijiyoyi da ke bin gudawar bakteriyar Campylobacter. Sai dai kama kaɗai ba ta isa dalili ba, domin cikin yaran da suka yi wannan ciwon maƙogwaro kaɗan ne ke kamuwa. Gado da yawan maimaita ciwon suna da nasu hannun.

A Turai cutar ta ja baya tun kafin fenisilin, saboda raguwar cunkoso a ɗakunan kwana. A ƙasar Hausa tana nan daram. Wani bincike da likitocin zuciya na Kano suka wallafa a 2007 ya same ta a kusan ɗaya cikin goma na waɗanda aka yi wa hoton zuciya. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuma yana cikin babban binciken da ya tattara majinyata 3,343 daga Afirka da Indiya da Yaman, wanda ya nuna rabinsu ba su haura shekara 28 ba, mata kuma sun fi yawa. Sau da yawa sai juna biyu ya zo ake gane matsalar.

Abin takaicin yana ƙauye. A yanki irin Bagwai ta jihar Kano, inda gidaje suke a cushe kuma yara da yawa ke kwana ɗaki guda a lokacin hunturu, ciwon maƙogwaro yakan tsaya a kantin magani ko wurin wanzami a cire beli, alhali cire beli ba ya kashe bakteriya. Na'urar hoton zuciya tana can birni, tiyatar sauya ƙyaure kuwa ta fi ƙarfin manomi. A 2018 Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙudurin yaƙar cutar, amma ƙuduri ba ya aiki sai allura ta isa ƙaramin asibitin gunduma.

Yaron da ke fama da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, ba tari ba mura, a kai shi asibiti cikin kwanakin farko. Wanda ya taɓa yin zazzaɓin amosani kuwa, kada a bari allurar fenisilin ta wata-wata da ke hana cutar dawowa ta tsallake shi.