Otal Ducor na Monrovia

Otal Ducor, wanda aka fi sani da Ducor Palace, tsohon masaukin alfarma ne a Monrovia, babban birnin Laberiya, amma yau ya zama kango. Yana bisa tudu mafi tsayi a birnin, a ƙarshen titin Broad Street, inda ake hango Tekun Atlantika da unguwar talakawa ta West Point can ƙasa.

An buɗe shi a 1960, zamanin Shugaba William Tubman, lokacin da kuɗin roba da tama ke kwarara cikin ƙasar. Ɗan kwangilar Isra'ila Moshe Mayer ne ya gina shi, daga baya kamfanin Intercontinental ya karɓi ragamar gudanarwa. Ɗakunansa sun haura 100, ga wurin ninkaya, ga filin tanis, ga gidan abinci irin na Faransa. A wancan lokaci da wuya a sami irinsa a Afirka ta Yamma, shi ya sa manyan baƙi irin su Sékou Touré na Gini suka riƙa sauka a nan. Félix Houphouët-Boigny na Côte d'Ivoire kuwa, da ya ga wurin ya burge shi, sai ya sa Mayer ya gina masa Otal Ivoire a Abidjan, wanda har gobe yana karɓar baƙi.

An rufe Ducor a 1989, shekarar da 'yan tawayen Charles Taylor suka tsallako iyaka zuwa cikin Laberiya a watan Disamba, yaƙin basasa ya ɓarke. Bayan dakarun kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma, wato ECOMOG, waɗanda akasarinsu sojojin Nijeriya ne, sun sauka Monrovia a 1990, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Amos Sawyer ta zauna a otal ɗin ƙarƙashin kariyarsu. Da yaƙi ya ja, sai wawaso ya biyo baya. An ɓalle ƙofofi da tagogi, an zare wayoyin lantarki, aka bar siminti tsirara ga iskar gishiri da ruwan saman Monrovia mai yawa. Iyalan da yaƙi ya raba da gidajensu suka tare a ɗakunan, suna girki da shanya a inda jakadu suka taɓa kwana. Wurin ninkayar ya koma matattarar koren ruwa.

A 2007 gwamnatin Ellen Johnson Sirleaf ta tashi iyalan daga ginin, a 2008 kuma ta ƙulla yarjejeniya da Libiya ta Mu'ammar Gaddafi domin a gyara otal ɗin. Aka kwashe shara, aka zana taswirar sabon gini. Sai yaƙin Libiya ya taso a 2011, Laberiya ta yanke hulɗa da gwamnatin Gaddafi, aiki ya tsaya cak. Wannan shi ne babi mafi ɗaci a tarihin Ducor, domin an raba marasa galihu da rufin da suka samu, sannan ginin bai amfani kowa ba. Tun daga nan masu gadi da 'yan yawon buɗe ido ne ke hawa matakalarsa.