Fansa a Kiristanci

Fansa a addinin Kirista ita ce koyarwar da ke cewa Allah ya kuɓutar da ɗan Adam daga bautar zunubi da mutuwa ta hanyar mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye da tashinsa daga matattu. Wannan ne ya sa Kiristoci ke kiran Yesu Mai Fansa. Koyarwar tana tafiya tare da batun darajar mutum a wurin Allah. Abin da mafi yawan ɗarikun Kirista suke koyarwa shi ne, ana gane darajar abu daga abin da aka bayar don a karɓo shi, kuma tunda ran Almasihu aka bayar, ba a auna mutum da dukiyarsa ko asalinsa ko lafiyar jikinsa ko kyawun halinsa. A ƙasar Hausa kalmar tana da nauyi na daban, domin tun kafin ta shiga Littafi Mai Tsarki ana amfani da ita a kasuwa da gaban alƙali a kan sha'anin bayi.

Kalmar a harshen Hausa

Fansa suna ne, aikatau ne kuma. Aikatau ɗin yana sauya ƙarshensa gwargwadon abin da ya biyo bayansa: ya fanshi bawa, ya fanshe shi, abin da ya fansa. Harafin s yana komawa sh idan wasalin i ko e ya biyo shi. A karin harshen yamma, wato na Sakkwato da Kabi, wanda shi ake ji a Jega da Aliero da Maiyama, f kan koma hw a gaban wasalin a, shi ya sa akan ji hwansa.

Asalin ma'anarta shi ne karɓo mutum ko kaya daga hannun wanda ya riƙe su ta hanyar biyan wani abu. Ana fansar bawa, ana fansar kayan da aka ba da jingina. Akwai kuma wani amfani na ladabi: Bahaushe ba ya son cewa ya sayi Alƙur'ani, sai ya ce ya fanshe shi, don abin ya fi ƙarfin a kira shi haja. Wannan ma'ana ta kusanci abin da Kiristoci suke nufi, wato an biya, amma abin da aka karɓo ba kayan ciniki ba ne. Sai ma'ana ta uku, ɗaukar fansa, wato ramuwa, wadda ba ta da alaƙa da koyarwar, ko da yake takan rikita mai karatu da ya fara cin karo da kalmar a rubutun Kirista.

Kiristoci Hausawa suna bambanta fansa da ceto da kafara. Ceto shi ne sakamakon baki ɗaya, kafara tana nuni ga shafe laifi ta hanyar hadaya, fansa kuwa tana nuni ga biya da sakin wanda aka ɗaure.

A Littafi Mai Tsarki

A Tsohon Alkawari kalmomin Ibrananci biyu ne suka fi ɗaukar ma'anar. Padah tana nufin karɓo abu da biya, kamar yadda dokar Littafin Ƙidaya 18 ta sa a fanshi ɗan fari da shekel biyar na azurfa. Ga'al kuwa aikin dangi ne. Bisa ga Littafin Firistoci 25, idan talauci ya sa mutum ya sayar da gonarsa ko kansa, ɗan'uwansa na kusa yana da ikon biya ya dawo da shi, kuma ana kiran wannan ɗan'uwa go'el. Labarin Bo'aza a Littafin Rut misali ne na wannan doka. Annabi Ishaya ya yi ta kiran Allah da wannan suna, fitowar Isra'ilawa daga Masar kuma ta zama babban hoton fansa a wurinsu.

An rubuta Sabon Alkawari da Helenanci, a zamanin da bauta ta cika daular Rum. Kalmar lutron ita ce kuɗin da ake biya a saki bawa ko fursunan yaƙi, ita ce kuma ta zo a Markus 10:45, inda Yesu ya bayyana mutuwarsa a matsayin abin biya domin mutane da yawa. Manzo Bulus ya yi amfani da kalmar saye ta kasuwa a 1 Korantiyawa 6 da 7, ya gaya wa masu bi cewa an saye su da tsada, don haka kada su mai da kansu bayin mutane. Wasiƙar Bitrus ta farko ta ce ba azurfa ko zinariya aka biya ba, jinin Almasihu ne.

Wa aka biya?

Littafi Mai Tsarki bai faɗi wanda ya karɓi fansar ba, kuma malaman ikkilisiya sun daɗe suna jayayya a kan wannan giɓi. Orijen na Iskandariya, a ƙarni na 3, ya ce Shaiɗan aka biya, tunda shi ya riƙe mutane. Giregori na Nisa ya kwatanta abin da ƙugiyar kamun kifi da aka lulluɓe da abinci: Shaiɗan ya haɗiyi mutuntakar Yesu bai san akwai allahntaka a ciki ba. Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, ya yi kwatanci da tarkon ɓera. Giregori na Naziyanzus bai yarda ba, yana ganin abin kunya ne a ce ɗan fashi ya karɓi irin wannan lada.

A 1098 Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, ya kammala littafinsa Cur Deus Homo, inda ya ce bashin na Allah ne, mutum ne ya kamata ya biya amma ba zai iya ba, Allah ne zai iya amma ba shi ya ci bashin ba, saboda haka sai wanda yake Allah kuma mutum. Pita Abelad, wanda ya rasu a 1142, ya fi mai da hankali ga yadda gicciye ke nuna ƙauna har ta juya zuciyar mai zunubi. Masu gyaran ikkilisiya na ƙarni na 16, musamman Jon Kalbin, sun bayyana abin da harshen kotu: Almasihu ya ɗauki hukuncin da ya dace da mai laifi. Wannan bayani ne ya fi yaɗuwa a coci-cocin bishara na arewacin Najeriya. A 1931 aka fitar da littafin Gustaf Aulen na Suwidin da Turanci, Christus Victor, wanda ya farfaɗo da tsohon ra'ayin cin nasara a kan Shaiɗan da mutuwa, ra'ayin da ke da ƙarfi a wa'azin Fentikos.

Darajar mutum

Koyarwar ta tsaya a kan ƙafa biyu. Ta farko halitta ce: Farawa 1:26-27 ta ce an yi mutum, namiji da mace, cikin kamannin Allah, Farawa 9:6 kuma ta kafa haramcin kisa a kan wannan. Ta biyu fansa ce. Romawa 5:8 ta jaddada cewa Almasihu ya mutu domin mutane tun suna cikin zunubi, ma'ana darajar ba ladan aiki ba ce. Misalai uku na Luka 15, ɓatacciyar tunkiya da ɓataccen kuɗi da ɗan da ya bar gida, duk suna nuna mai abu yana neman guda ɗaya da ya ɓace. Galatiyawa 3:28 ta ɗauke bambancin Bayahude da Baheleni, bawa da ɗa, namiji da mace a cikin Almasihu.

Ɗarikun sun sha bamban a kan yadda zunubi ya taɓa wannan kamanni. Katolika da Otodoks suna cewa ya raunana amma bai gushe ba. Mabiya Kalbin suna ganin lalacewar ta shafi kowane ɓangare na mutum, taron Dort na 1618 zuwa 1619 kuma ya yanke cewa amfanin fansar na zaɓaɓɓu ne, abin da mabiya Arminiyus da Metodis suka ƙi. Paparoma Jon Pol na Biyu ya fitar da wasiƙar Redemptor Hominis a 1979 a kan alaƙar fansa da darajar mutum, fadar Vatican kuma ta fitar da Dignitas Infinita a watan Afrilu 2024.

Aiki bai kan bi koyarwa ba. Giregori na Nisa ya soki mallakar bayi tun ƙarni na 4, an kuma kafa ƙungiyoyin Tirinitariya a 1198 da Masidariya a 1218 don fansar fursunoni. Duk da haka ƙasashen Kirista na Turai ne suka gudanar da cinikin bayi ta Tekun Atilantika na ɗaruruwan shekaru, wasu malamansu har suna kafa hujja da Littafi Mai Tsarki.

Bauta da fassara a ƙasar Hausa

Jega da Aliero da Maiyama suna cikin masarautar Gwandu, kuma batun kamawa da sakin mutane tsoho ne a yankin. Harin da Gobirawa suka kai wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana, da sakin kamammun da mutanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka yi lokacin da aka zo wucewa da su kusa da Degel, na cikin abubuwan da suka kai ga hijirar 1804. Gimbanawa ne suka kafa Jega daga baya, ta zama babbar kasuwa a hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. A Daular Sakkwato dangi kan biya su fanso ɗan'uwansu da aka kama, bawa kuma kan yi fansar kai, sau da yawa da abin da ya tara bayan ya biya ubangijinsa murgu, wato kuɗin da ke ba shi damar yin sana'ar kansa. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa daga watan Afrilun shekarar, amma sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa.

Fassarar farko ta Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa ta samu taimakon wani fansasshen bawa. Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka kama aka kai Barno. Bajamushe Adolf Overweg ya biya aka sake shi, shi da Abbega. Bayan rasuwar Overweg a 1852 suka bi Heinrich Barth, suka ratsa Sakkwato da Gwandu a 1853 kan hanyar Tumbuktu, suka isa Ingila a 1855. A can ɗan mishan James Frederick Schön ya yi aiki da Dorugu, ya kuma fitar da Bisharar Matiyu da Hausa a 1857. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya da Wusasa ya jagoranta, aka sake sabuwar fassara a ƙarshen shekarun 1970. Masu karatun 1932 da yawa sun san bauta ido da ido, don haka kalmar fansa ba ta buƙaci dogon bayani a wurinsu.

A Jihar Kebbi

Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, shi ya sa Kiristanci ya fi kafuwa a kudancin jihar ta yau, a ƙasar Zuru da Yawuri, tsakanin Dakarkari da Kambari da Dukkawa, inda mishan ɗin da ya haifi cocin UMCA ya fara aiki a shekarun 1920. A masarautun kuwa ƙofar da aka buɗe a shekarun 1930 ta jinyar kutare ce, kamar sansanin Amanawa kusa da Sakkwato. A Jega da Aliero da Maiyama Musulmi ne mafi rinjaye da nisa. Kiristocin da ke wurin tsiraru ne, da yawansu ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai, musamman a Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a 2006.

A 'yan shekarun nan kalmar ta samu sabon kaya. Kuɗin fansa yanzu magana ce ta masu garkuwa da mutane, kuma jihar ta ɗanɗana wannan lokacin da aka sace ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a ranar 17 ga Yuni 2021. Wannan ya dawo da tsohuwar matsalar Giregori na Naziyanzus cikin Hausa: idan an ce fansa, mai sauraro zai tambayi wanda ya karɓa, kuma wanda ya sani yana karɓar fansa ɗan bindiga ne da ke sa wa mutum farashi gwargwadon arzikin danginsa, akasin abin da koyarwar take nufi.

Mahangar Musulunci

Musulunci ya yarda da karramar ɗan Adam, kamar yadda aya ta 70 ta Suratul Isra'i ta nuna, amma bai yarda da fansa ta wannan siga ba. Aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta kore kashe Annabi Isa da gicciye shi, aya ta 164 ta Suratul An'am kuma ta nuna kowane rai da nasa nauyi. Babu koyarwar gadon zunubi, gafara tana samuwa ta tuba kai tsaye ga Allah. Tushen Larabci mai ma'anar fansa, wanda ya ba da kalmar fidiya, ya zo a Suratus Saffati aya ta 107, a labarin ɗan Annabi Ibrahim da aka fanshe shi da abin yanka. Kiristoci suna karanta labarin a Farawa 22 da sunan Ishaku, suna ɗaukarsa ishara ga gicciye, yayin da mafi yawan malaman Musulunci ke cewa Annabi Isma'ila ne, kuma shi ne asalin layya.