Jigo a Fadamun Kubanni da Galma

Jigo shi ne na'urar ɗaga ruwa da manoman rani na ƙasar Zazzau suka daɗe suna dogaro da ita kafin zuwan inji. Tsohuwar dabara ce ƙwarai, domin akwai zanensa a kaburburan Masar da suka haura shekara 3,000. A Zariya ya samu gindin zama a bakin rafin Kubanni, wanda ya ratsa Samaru ya gangara ta gefen Sabon Gari, da kuma kogin Galma inda Kubanni yake zubawa.

Ƙirarsa ba ta buƙatar maƙeri. Ana kafa gwafa biyu a gaɓar rafi, a gicciya sanda a kansu, sannan a ɗaure doguwar sanda a jikin wadda aka gicciya, ɓangare ɗaya gajere, ɗaya dogo. A gajeren ake manna dunƙulen laka ko a ɗaure dutse, a dogon kuma ake rataya igiya da guga, na ƙwarya ko na fata, daga baya na garwa.

Aikinsa ya rataya ne a kan ƙa'idar da Arkimidis, masanin nan na Girka, ya bayyana a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa: nauyi sau nisansa daga madogara a hannu ɗaya dole ya yi daidai da na ɗaya hannun. Idan dogon ɓangare mita 3 ne, gajere mita 1, guga cike da ruwa kuma kilo 10, to laka mai kilo 30 ce za ta daidaita shi. Mai ban ruwa yakan ja igiya ƙasa da nauyin jikinsa har guga ya nutse, ya saki, laka ta ɗago ruwan, shi kuma ya juye a magudanar da ke kaiwa fangali. Jigo bai rage yawan aiki ba, sauya masa fuska ya yi: maimakon ɗagawa da ƙugu, sai ja ƙasa, wanda jiki ya fi jurewa. Iyakarsa ita ce bai cika ɗaga ruwa fiye da mita 2 zuwa 3 ba. Inda gaɓa ta yi tsawo sai a kafa biyu, na ƙasa yana zuba wa na sama.

Isowar jirgin ƙasa Zariya a 1911 ta ƙara wa jigo daraja. Sabon Gari ya taso a gefen tasha, ya cika da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, aka samu masu sayen tumatir da albasa da attaruhu duk tsawon rani. A 1922 aka buɗe tashar binciken noma a Samaru, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sanin kimiyya ya zo ya yi maƙwabtaka da lambunan jigo.

Abin da ya ture jigo shi ne ƙaramin injin ban ruwa mai amfani da fetur, wanda ya bazu a shekarun 1980. Shirin Fadama na ƙasa, da Bankin Duniya ya tallafa tun farkon shekarun 1990, ya ƙara yaɗa shi tare da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi. Inji yana shayar da fili mai faɗi cikin sa'o'i kaɗan, sai dai yana cin kuɗin mai da na gyara. Yau da wuya a ga jigo a gaɓar Kubanni, amma kalmar tana nan a bakin Hausawa: ana kiran babban mutum jigon jam'iyya, ana kuma cewa jigon waƙa ko na labari.